Hutun Zuga-zugi

Matakala talatin da bakwai ce zuwa saman cocin,
ina ƙirga su tun watan da ganye ya fara zuba.
Can sama ogan yake zaune, ƙaton gida na bututu,
bakuna dubu, huhu ɗaya.
Nakan cire takalmin ruwa in sa na kiɗa,
mai siririn tafi, don ƙafa ma da nata karatun.

Malamina Joris Stolwijk ba ya yabo.
In na yi daidai sai ya tsotsi alewar tari,
in na kuskure sai ya dubi rufi
kamar mai neman inda ke yoyo.

Takardar da ya ba ni ta tsufa, ta yi launin shayi.
Aldert Verkaik ne ya rubuta ta,
Janairun alif da ɗari tara da arba'in da biyar,
a garin nan, a kan bencin nan.
Kiɗa ne mai gardama:
sautuka biyu na gogar juna
kamar maƙwabtan da suka gaji da gaisawa,
hannun hagu na tafiya, na dama na jan ƙafa,
sa'an nan, ba dalili, shiru.
Layi shida, shiru. Layi huɗu, shiru mai tsawo.

Ni kuwa tsoron shiru nake.
Nakan tsallake shi kamar kududdufi,
in faɗa sautin gaba a guje.
"Fenna," in ji shi, "wa ya biyo ki?"

Ran nan sai ya kashe injin iska.
Ya ja ni bayan ogan, cikin ƙura da saƙar gizo,
ya nuna mini wani dogon itace
da ya sha hannu har yana sheƙi.
"Danna."
Na danna, zuga-zugin ya cika, ya sauke,
irin na maƙera, sai dai babu wuta a bakinsa.
Shi ya zauna yana kaɗawa, ni ina ba shi iska.
Kafin layi na shida kafaɗata ta mutu.
Sai shirun ya zo.
Na kwankwaɗe shi kamar ruwa.

"Lokacin yaƙi an ɗauke lantarki," ya ce.
"'Yarsa ce ke ba shi iska, Truus, shekara goma sha ɗaya,
ba komai a cikinta sai dafaffiyar albasar furanni.
Yana jin hakinta ta bayan katako.
Inda ta gaza, nan ya sa hutu."

Daren wasa an yi ruwa.
Kekuna sun jeru jikin bango suna ɗiga.
Mutum arba'in, ko da 'yar ɗoriya, cikin rigunan sanyi,
ta ɗan madubin gefena huluna kawai nake gani,
sai a sahun gaba, keken guragu da farin kai.

Na ja maɓallan ƙananan muryoyi kaɗai, yadda ya rubuta,
yanzu na san dalili:
manyan bututu haɗama gare su.
A shafi na biyu yatsana ya zame, na wuce.
Da na iso shirun farko na ɗage hannu,
na bar shi ya miƙe ƙafa.
Na ji ruwa a kan rufi. Na ji wani ya yi tari.
Injin na ta hurawa, ba mai wahala a bayan katako,
duk da haka na jira ta.

Da aka watse na sauko, talatin da bakwai.
Tsohuwar ta kama hannuna, nata sanyi ƙalau.
Ba ta ce ya yi daɗi ba.
Ta ce, "Shiru na uku kin yi sauri, yarinya.
A nan ne nakan zauna a ƙasa."